Ɗan Goggo

A Yako kowa ya san Hindatu ce ta haifi Sunusi, amma ba a faɗa, ita ma ba ta faɗa. Shi ne ɗanta na fari, a gidan da ta tashi kuwa mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma ɗaga ido ta dube shi in da mutane a wurin. Idan ta kama dole ta ambace shi sai ta ce "yaron nan" ko "ɗan Goggo". Ya ba shekara talatin baya, da gemunsa da 'ya'yansa, amma a bakinta har gobe yaron nan ne.

Goggon ita ce Luba, yayar marigayi Malam Abdullahi, mijin Hindatu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar da aka yaye Sunusi ta iso da zanen goyo a hannu, ta saɓa shi a baya ta kama hanyar ƙauyensu da ke wajen Badafi, ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba. Hindatu tana daga ɗaki tana jin kukansa yana ƙara nisa. Da matan gidan suka leƙo sai suka tarar tana tsince shinkafa har da 'yar waƙarta, don abin da ake son gani ke nan. Aka yaba mata ƙwarai, an daɗe ana nuna wa amare ita a ce su koyi kunya. Yabon bai taɓa yi mata maganin komai ba.

Yaro ya tashi yana ce wa Luba Inna. Ita kuwa Hindatu, da ya ji ƙannenta suna ce mata Yaya sai shi ma ya ɗauka, sunan ya zauna. Daga baya ta haifi wasu, ta goya su, ta dake su, ta kira sunayensu son ranta, amma in ta zo rabon tuwo wanda ba ya nan take fara tunawa.

Da Luba muguwa ce da abin ya zo da sauƙi. Sai ga shi ta riƙe yaron riƙon da ko maƙiyinta ba zai kushe ba. Ita ta kai shi makarantar allo, ita ta sayar da tunkiyarta aka yi walimar saukarsa, ita ta zaɓo masa matarsa Fiddausi. Kuma ba ta iya yin shiru ba. Duk bikin da aka haɗu sai an ji "Sunusina ya ce", "Sunusina ba ya cin kuɓewa", da ƙarfi kamar mai talla. Hindatu takan yi murmushi ta ce Allah ya yi albarka, ranta kuwa yana tafasa. Kishi take yi, kishi na gaske, irin wanda ba shi da wurin kai ƙara, don tana buɗe baki ita za a ce ta zubar da mutunci.

Abu ɗaya ne Luba ta kasa karɓewa, shi ma ciwo ne ya kawo shi.

Sunusi yana ɗan shekara bakwai aka kawo shi Yako yawon salla. Yana cikin wasa a tsakar gida sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa. Jijiyar wuyansa tana harbawa ana hangowa daga nesa, leɓensa ya yi fari, gumi ya jiƙa sabuwar rigar. Duk wanda ya taɓa ƙirjin sai ya janye hannu, don zuciyar fafur-fafur take yi kamar tantabarar da aka kife da kwando. Luba ta ɗora hannu a ka tana salati. Hindatu ta taho daga wajen randa da ƙwarya cike da ruwa, ba ta san abin da ya shige ta ba, ta damƙi ƙeyar yaron ta tura fuskarsa cikin ruwan ta danne. Ya yi ta mutsu-mutsu, ba ta sake shi ba sai da ta ga ya kusa shiɗewa. Da ya ɗago yana haki ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa. Ta ji zuciyar ta yi tsit, har nata numfashin ya ɗauke, sannan ta dawo a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Rabonta da taɓa jikinsa tun ranar yaye.

Ciwon bai tafi ba. Yakan yi watanni ya lafa, sai ya dawo ba sallama. An sha rubutu, an yi turare, an jiƙa sassaƙe. Luba ta gwada ruwan, sai dai ita yayyafi take yi, ta ce ba za ta iya danna kan ɗanta a ƙwarya kamar mai wanke kan rago ba. Fiddausi ma da ta zo gidan ta gwada, amma yana motsawa take saki. Mutane suka yanke cewa abin a hannun uwa yake. Babu kuma mai ce wa uwa marar kunya a kan ɗan da ke neman mutuwa, saboda haka a wannan lokacin kaɗai ake kau da kai.

Haka aka yi ta tafiya. In abin ya tashi ya ƙi kwanciya sai a tura Ubale ɗan achaɓa. Tun daga kan kwana yake danna ƙaho, kafin ya tsaya Hindatu ta yafa mayafi. Tana shiga gidan Luba gidan ya zama nata. Ta ce ruwan randar nan ya yi ɗumi, a ɗebo na ƙasan rijiya, ko a nemo ƙanƙara. Ta ce a matsa a ba shi iska. Ta kama ƙeyar ƙaton mutum ta danna, shi kuma ya bi, bai taɓa yi mata gardama ba. In zuciyar ta dawo hanya sai ta bar hannunta a ƙirjinsa, ta sunkuyar da kai kamar mai sauraron wani abu.

"Hinde, ya isa mana, ai ya lafa," in ji Luba daga bakin ƙofa.

"Bai gama daidaita ba, Goggo."

Ya daɗe da daidaita, dukansu sun sani. Hindatu ba ta taɓa roƙon Allah ya tayar wa ɗanta ciwo ba, wace uwa ce za ta yi haka? Amma gaskiya ita ce in ta ji ƙahon Ubale ƙafarta takan yi sauƙi, kuma takan dawo gida ranar da wani irin farin ciki da take jin kunyar kanta a kai.

A ranin da ya wuce abin ya sauya. Sunusi yana ban ruwa a fadamar tumatirinsa ciwon ya buge shi, ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya, saura kaɗan ya afka. Aka ɗauko Hindatu, ta danna, ta sake dannawa, zuciya ta ƙi. Aka saka shi a mota zuwa asibitin Kiru, daga can aka wuce Kano, inda allura ce ta tsayar da gudun. Likitocin can suka duba zanen bugun zuciyarsa da na'ura ta fitar, suka ce wannan ba na wasa da ruwa ba ne, wata rana zai iya tafiya da shi. Suka ce akwai aikin da ake yi a raba shi da ciwon gaba ɗaya, amma sai an je wani asibiti a Abuja. Fiddausi ta tsaya kai da fata, dangi da 'yan ƙungiyar manoman fadama suka haɗa hannu, aka sa rana.

Sai maganar mai jinya. Fiddausi cikinta ya tsufa, ba ta iya doguwar tafiya. Luba ta ce ita ce uwa, ita za ta. Hindatu ba ta nemi zuwa ba, don ba a taɓa jin inda uwa ta nemi bin ɗan fari ba. Ta yini tana share tsakar gidan da ta riga ta share. Ana gobe tafiya sai ga saƙon Luba: Hinde ta shirya ita ma, ko abin ya tashi a hanya. Wato an ɗauke ta ne kamar tayar da ake ɗaurewa a bayan mota. Ta ji haushin saƙon har cikin ranta, ta kuma tashi nan take ta wanke fulas ɗinta ta aika aka sayo ƙanƙara.

A asibitin aka kai su gaban wata likita, Dokta Nusaiba, siririya da tabarau, wadda Hindatu ta ƙiyasta ba ta kai Sunusi shekaru ba. Da ta ji daga inda suka fito ta yi murmushi ta ce ita ma 'yar Tudun Wada ce. Ta gaishe su da ladabi, sannan ta dubi matan biyu.

"Wace ce mahaifiyarsa?"

Hindatu ta dubi ƙasa. Luba ta gyara zama ta ce, "Ni ce."

Likita ta juyo da kujerarta gaba ɗaya wajen Luba, ta ba Hindatu kafaɗa. Ta ce, "Mama, zuciya tana da lantarkinta na kanta. Shi yake gaya mata ta buga. Hanya ɗaya aka yi masa, daga saman zuciya zuwa ƙasanta. To shi Malam Sunusi yana da ɓarauniyar hanya a gefe, irin wadda mutane ke yankewa ta tsakiyar gona. Wani lokaci wutar takan sauka ta hanyar kirki, ta koma sama ta ɓarauniyar, ta sake saukowa, ta yi ta zagaye. Shi ne gudun da kuke ji."

"To tsaga ƙirjin za a yi?" in ji Luba.

"A'a. Siririyar waya za mu zura ta jijiyar jini a saman cinyarsa, mu bi da ita har cikin zuciya muna kallo a na'ura. Za mu tayar da gudun da gangan don mu gane inda hanyar take. In mun same ta sai mu ƙona wurin da kan wayar, bai fi ƙwayar dawa ba. In Allah ya yarda shi ke nan, wutar ba ta da wurin bi sai hanyarta."

Luba ta ce kamar lalas ke nan amma daga ciki, likita ta yi dariya ta ce kusan haka. Sai Luba ta tambaya ko wani abu ya ci, ko kuwa jifa ne.

"Ba ko ɗaya. Da ita aka haife shi, Mama. Tun yana cikinki aka halicce shi da ita."

Luba ta taɓe baki, ta nuna Hindatu da haɓa. "To wannan kam ba a cikina ba. Ga mai cikin nan."

Hindatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Uwa ce Luba in ana rabon girma, in aka zo kan aibu kuma ga mai cikin nan. Sunusi yana gefe ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Likita ta dubi wannan ta dubi waccan, ta gane, don ita ma ba daga sama ta faɗo ba. Ta juyo da kujerar, ta ce babu laifin kowa, halitta ce. Ta tambayi Hindatu yaushe ya fara, me ake yi masa. Hindatu ta ba da amsa a gajarce, tana cewa "yaron nan", idonta a kan teburin.

"Kin yi daidai, Mama," in ji likita. "Ruwan sanyi a fuska da riƙe numfashi suna taɓa wata jijiya da ke rage wa zuciya gudu. Mu ma muna koya wa mutane. Kowa ya yi shi da kyau yakan yi aiki."

"Kowa?" in ji Luba.

"Kowa. Sanyin ne da riƙe numfashin."

"Ashe ba hannu ba ne," in ji Luba, a hankali, kamar mai tsotsar alewa.

Da kyakkyawar niyya likitar ta faɗa, Hindatu ta sani. Amma tun daga lokacin ta tsani tabarau ɗin nan da muryar nan mai sanyi. Da suka fito ta zauna a kan benci tana ta juya maganar. Duk abin da yaron nan yake da shi na Luba ne, tafiyarsa, maganarsa, har yadda yake tauna goro. Ashe akwai wani ɗan zare ɗaya a can cikin zuciyarsa da ya taho da shi daga jikinta, wanda Luba ba ta isa ta ce nata ba ne. Shi ne kuma za a ƙone gobe, kowa yana murna. Ta san zaren nan kashe shi zai yi in an bar shi. Ta yi istigfari, ta ce Allah ya sa a ƙone a sa'a, ta kuma ji bakinta yana faɗa zuciyarta tana ja da baya.

Da safe aka tura shi a kan gado mai taya. Aka ce mutum ɗaya zai iya raka shi zuwa bakin ƙofa. Kafin a rufe baki Luba ta kama ƙarfen gadon tana tofa masa addu'a a goshi. Da aka zo wucewa ta gaban Hindatu ya juyo da kai ya ce, "Yaya, a sa mu a addu'a." Ta dubi bango ta ce Allah ya ba da sa'a.

Suka zauna jira. Luba tana jan carbi tana ba wata mata labarin Sunusinta tun daga fitar haƙori. Hindatu ta rungume jakarta, fulas ɗin yana ciki, tana jin sanyinsa a cinya. Ta san abin da ake yi a bayan ƙofar nan. Yanzu haka sun tayar da gudun, jijiyar wuyansa tana harbawa, leɓensa ya yi fari, kuma babu wanda ya danna ƙaho a ƙofar gidanta. Shekara da shekaru iyakarta fatar ƙirjinsa. Ga wata yarinya 'yar jiya, wadda ba ta yi naƙudarsa ba, ba ta ji kukansa yana nisa ba, ta shige har cikin zuciyar tana taɓa inda take so. Da Luba take kishi, yau ga shi tana kishi da likita, tana kishi har da waya. Sau biyu ta miƙe kamar za ta nufi ƙofar, ta koma ta zauna.

"Hinde, miƙo ruwan nan naki in jiƙa maƙoshi," in ji Luba. "Ai ba shi da sauran aiki."

Ta miƙa. Luba ta sha ta ƙoshi, ta ba matar da ke gefe ita ma ta sha.

Bayan azahar likita ta fito ta sauke ƙyallen bakinta. Ta ce alhamdu lillahi, an samu hanyar an ƙone, sun yi ta ƙoƙarin sake tayar da gudun ya ƙi tashi. Luba ta faɗi ta yi sujada a tsakiyar baranda. Hindatu ma ta yi godiya, godiya ta gaskiya, hawaye har ya zubo mata, ta yi maza ta goge kada a gani. Aka ce ya kwanta rigingine na wasu awanni kada ya lanƙwasa ƙafar. Luba ta ja kujera ta manna da gadon tana ba shi kunu a cokali, tana goge masa gemu da bakin mayafi. Hindatu tana can wajen taga tana kallon motoci. Washegari aka sallame su, da ɗan filasta a cinya, kamar ba abin da aka yi.

Damina ta sauka ta wuce. Fiddausi ta haihu. Sunusi ya yi noma kamar ba shi ba, ya yi ƙiba, wuyansa ya cika. Ubale yakan wuce ta ƙofar gidan Hindatu da fasinja, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, ina wuni," ya yi gaba. Ƙaho in ya yi ƙara a kan kwana har yanzu hannunta yakan kai kan mayafi kafin ta tuna. Labarin ɗanta sai a bakin mutane take ji, an gan shi a kasuwar Kiru, an ce masararsa ta yi kyau. Lafiyar da ta roƙa masa ta samu, ita kuma ta koma abin da take tun farko, Yaya ta Yako, wadda ake zuwa gaisarwa da salla a durƙusa daga nesa.

Bayan kaka Luba ta shirya sadakar godiya. Malamai suka yi saukar Alƙur'ani a zaure da safe, aka yi waina da fura, mata suka cika tsakar gida. Kowace ta shigo wajen Luba take nufa. Barka da arziki, Goggo, Allah ya raya miki. Hindatu ma da ta iso da kwanon cincin ɗinta ta bi layi ta durƙusa.

"Goggo, barka. Allah ya ƙara wa ɗanki lafiya."

"Amin, Hinde. Taho ki taya ni ɗauko tabarmi."

Da suka shiga ɗaki Luba ba ta nufi tabarmi ba. Ta zauna a bakin gado tana haki, don ita ma girma ya kama ta. Ta dubi Hindatu ido cikin ido.

"Kin rame," in ji ta.

"Zazzaɓi na yi."

"Ba zazzaɓi ba ne. Na san abin, ni na fi kowa saninsa." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ni na yi kashinsa da fitsarinsa. Ni na kwana a kansa da ƙyanda. Amma duk ranar da mutuwa ta leƙo shi, bai taɓa cewa Inna ba. Sai dai ya ce a kira Yaya. In tsaya a bakin ƙofar ɗakina kamar baƙuwa, ina kallon hannunki a ƙirjinsa, kina cewa bai daidaita ba. Kin zaci ban san ya daidaita ba?"

Hindatu ta ɗago ta dube ta. Ba ta taɓa sanin shi yake cewa a kira ta ba, ta ɗauka shawarar mutanen gida ce. Maganar ta shige ta da daɗi da ciwo lokaci guda.

"Ranar da yarinyar nan ta ce an ƙone," in ji Luba, "sujadata biyu ce. Ɗaya ta lafiyarsa. Ɗayar kuwa ke kin san ta mece ce." Ta miƙe ta jawo tabarmi biyu daga bayan ƙofa ta ɗora wa Hindatu a hannu. "Mu je, baƙi suna jira."

Da la'asar mutane suka fara watsewa. Sai ga Sunusi ya turo sabon babur ja daga zaure, ledar kujerar ma ba a cire ba. Tun yana saurayi Luba ta hana shi hawa, kada ciwo ya buge shi a kan hanya, sai yanzu da likita ta ce ba komai. Mata suka yi guɗa, yara suka kewaye shi suna taɓa madubi. Ya kafe babur ɗin, ya tako har inda Hindatu take naɗe kwanonta a ɗankwali, ya durƙusa ɗan nesa da ita.

"Yaya, in kin shirya sai in sauke ki gida."

Hindatu ta saci kallon kujerar. Ta san hanyar nan, ruwan bana ya cinye ta, ramuka ne tun daga nan har Yako, dole na baya ya riƙe na gaba. Babu ciwo, babu ƙwarya, ga shi da ƙafarsa ya zo ya nema. Abin da take so ke nan a duniya, ta kuma san shi ma ya sani. Sai wata tsohuwa daga kan tabarma ta yi 'yar dariya ta ce, "To, yau za mu ga kunyar Hinde." Idanu suka yi mata caa, har da na amaren da aka sha nuna wa ita.

Bakinta ya riga ta. "A kira mini Ubale," in ji ta, tana ɗaure bakin ɗankwalin. "Ni ba na hawa bayan 'yan koyo."

Aka fashe da dariya. Tsohuwar ta ce ai ta faɗa, irin su Hinde sun ƙare, a yanzu ba a haifarsu. Sunusi ma ya yi dariya kaɗan, ya daɗe a durƙushe yana kallon ƙasa, sannan ya tashi ya koma wajen babur ɗinsa yana goge tankin da hannun riga, ko da yake babu datti a kai.

"To ni ɗauke ni," in ji Luba. "Mu raka ta. Ni ba na tsoron koyon ɗana."

Aka taimaka mata ta hau, ta zauna daram, ta zagaya hannuwanta biyu ta harɗe su a ƙirjinsa. Ubale ya iso, Hindatu ta hau, ta kama ƙarfen baya. Suka fita daga ƙauyen, Ubale a gaba, jan babur yana biye. Tana jin ƙarar injinsa a bayanta da muryar Luba tana cewa a hankali, ɗan nan, a hankali. Ba ta waiwaya ba, don akwai mutane a gonaki suna ɗaurin karan dawa.

Da suka wuce gonakin hanya ta zama ba kowa, ta taɓa kafaɗar Ubale ta ce ya rage gudu ya bar su su wuce. Tunaninta in ɗanta yana gaba za ta iya kallonsa son ranta har Yako, ba mai ganin ta. Ubale ya kauce gefe, jan babur ya wuce. Ta ɗaga kai ta zuba ido. Luba mace ce mai jiki, ga mayafinta iska ta buɗe shi, ta rufe bayansa gaba ɗaya. In sun faɗa rami sai ta ƙara manne masa.

"Baba, in ƙara wuta mu kamo su?" in ji Ubale.

"A'a, tafi a haka."

Har suka shiga gari hularsa kaɗai take hangowa.